Ranar da Muka Wanke Kwamfutar Yayana

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, na riƙe wani ɗan shagon buga takardu a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Da gangan na ce "na riƙe", don a wancan lokacin ko da wasa bakina bai taɓa cewa shagona ba. Na yayana ne. Shi malamin sakandare ne, irin mutanen nan da in suka ji an yi sabon abu a duniya hankalinsu ba ya kwanciya sai sun taɓa shi da hannunsu. Ya je Kaduna ya sayo kwamfuta ta hannu, ya rungumo ta a cinya tun daga Sabon Tasha har gida, wai kada ramukan hanyar Kachia su girgiza mata ƙwaƙwalwa. Kwandasta ya so a ɗaure ta a bayan mota tare da buhuna, yayana ya ce sai dai a ɗaure shi tare da ita.

In ya taso daga makaranta sai ya buɗe shagon. Ɗaliban kwalejin ilimi suna kawo furojet, daga coci ana kawo tsarin sujadar godiya ta kaka, masu aure suna kawo katin gayyata. Ni kuwa na gama karatu ina zaman jiran aiki, sai ya ja ni ya koya min taifin. Da yatsu biyu na fara, kamar kaza tana tsintar dawa, kuma in faɗa muku gaskiya har yau ban yi wani nisa daga nan ba.

Akwai abin da ya yi wa kwamfutar nan wanda ban ji irinsa a wani shago ba. Ya aro makirufo a wurin mawaƙan cocinmu, ya ɗauki muryarsa, ya sa ta a madadin ɗan kiɗan nan da kwamfuta ke yi in an kunna ta. Saboda haka duk lokacin da ka danna maɓalli, in ta gama nishinta, sai ka ji gyaran murya irin ta malami ya shigo aji, sannan ka ji: "An kwana lafiya? To, a bar lalaci, a kama aiki. Ubangiji ya taimaka." Ko da la'asar ka kunna ta, sai ta tambaye ka ko ka kwana lafiya. Masu kawo aiki su yi ta dariya. Wata tsohuwa ta taɓa amsawa har da russunawa, ta waiga tana neman inda malamin ya ɓuya.

Sai ciwo ya kama shi. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ba na jin daɗin buɗe shi. Ciwo ne da ya taɓa masa gefe guda da harshe, ya yi jinya a asibiti, damina na tsaka ya rasu. Ya bar mata da yara ƙanana, kuma shagon nan ne kaɗai abin da ya rage mai kawo musu abinci. Dangi suka zauna suka ce ni auta, tunda na iya, in ci gaba da buɗewa.

Na buɗe, amma ban taɓa komai ba. Hoton da ya sa a fuskar kwamfutar yana nan, yadda ya jera fayiloli yana nan, har kalandar bango da shekararta ta wuce ban cire ba. Kujerarsa mai matashi na tura ta gefe, nake zama a kan kujerar roba da na saba da ita tun ina koyo. Duk lokacin da na buɗe manhajar rubutu, sunansa kan fito a allo cewa shi ne mai ita, sai in ji daidai ne, ni ɗan tsaro ne kawai. In wani ya tambaya ina mai shago, sai in ce ya faɗi abin da yake so, za a yi masa.

Mahaifiyata tana zaune a Manchok, amma takan shigo Kafanchan cin kasuwa. Kafin ta shiga kasuwar sai ta biyo ta shago, ta sauke kwandonta, ta zauna a benci, ta ce, "Auta, kunna mini akwatin." Ko a kunne take, sai in kashe in sake kunnawa. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Lafiya lau, yaro na." Ta goge fuska da bakin zani, ta ɗauki kwando ta tafi. Ba ta kuka, ba ta ƙara komai. Ni ne dai nakan tsiri neman wani abu a ƙarƙashin tebur har sai ta fita.

To, kwamfutar nan ta fara ciwo. Dama yayana mutum ne mai kwashe-kwashe, duk manhajar da ya gani a hannun wani sai ya zuba mata: ta karatun Littafi Mai Tsarki, ta lissafi, wasan kati, da wasu da ya cire rabi ya bar rabi. Ga ɗalibai suna kawo fulofi, wato ɗan faifan nan da ake ɗaukar aiki a ciki, daga kowane shago, kowanne da cutar da ya ɗebo. Sai ta riƙa sandarewa ana cikin aiki. In ka kunna ta, za ka iya zuwa ka sayo ƙosai ka dawo ba ta gama farkawa ba. Wata rana ta cinye wa wata ɗaliba babi guda na furojet da muka wuni muna bugawa, yarinyar ta zauna a benci ta yi kuka mai isarta, ni kuma na yi ta ba da haƙuri kamar ni na haɗiye shi. Lokacin furojet ya matso, kuma na fara ganin masu kawo mana aiki suna tsallaka titi zuwa wani sabon shago da aka buɗe.

Ina da aboki Bafulatani, tare muka yi sakandare. Mahaifinsa ya daɗe da zama a wajen Kachia, yana da shanu, yana kuma noman citta kamar kowa. Abokin nawa ya yi karatun na'urori a Kaduna, can yake gyaran kwamfuta, yakan zo gida ƙarshen mako. Mahaifiyata ɗanta take kiransa, in zai zo sau da yawa yakan riƙo mata man shanu daga innarsa. Na aika masa saƙo ta hannun wani direba, ranar Asabar sai ga shi da jakar faya-fayansa.

Ya zauna ya lalube ta, yana tsaki yana girgiza kai. Daga nan ya yi min bayani a hankali. Ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, kuma an fito da sabuwa, yana da ita a faifai. Hanya biyu ce. Ko dai a ɗora sabuwar a kan tsohuwar, komai ya zauna yadda yake, fayiloli da tsari da duk tarkacen da ke ciki. Ko kuma a kwashe ayyukan mutane a fulofi, a wanke rumbun kwamfutar tas, a zuba sabuwar a fili mai tsabta.

Na ce, "Ɗori za a yi."

Ya ce, "Ban gama ba ai. Ɗorin nan ba zai kashe cutar ba, a kanta za a zauna. Mu a ruga in makwancin shanu, wato mashekari, ya yi laka da kaska, ba ma kawo sababbin maruƙa mu zuba a ciki. Tashi muke yi mu koma wuri mai kyau."

Na ce, "Ku dama aikinku ke nan, abu kaɗan ku naɗe kaya. Mu manoma ne. Gidan kakana har yau ɗaki ake ƙara masa, ba wanda ya rushe shi."

Ya ce, "Shi ya sa gara ke ƙaunarku."

Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Na faɗa masa zancen muryar. Ya ce ai wannan ba komai ba ne, ɗan fayil ne ƙarami, zai kwafe shi a fulofi, in an gama ya mayar. Na ce ban yarda da fulofi ba. Na ga fulofin da danshin damina ya sa ya yi fumfuna, na ga wanda aka ajiye lafiya aka ɗauko shi babu komai. In aka wanke, fulofin kuma ya ƙi, me zan ce wa Mama?

Ya dube ni. Ya ce, "Don Mama ne, ko?"

Na ce, "Don wa kuma?"

Bai ƙara musu ba. Ya sa faifai, ya ɗora sabuwar a kan tsohuwar. Allah ya taimake mu ba a ɗauke wuta ba. Da ta gama ta sake tashi, sai ga gyaran muryar nan, ga gaisuwa, ga hoton yana nan, na buɗe manhajar rubutu ga sunan yayana a wurinsa. Na dubi abokina na ce to, ina garar? Ya rufe jakarsa ya ce shi dai ya faɗi nasa, in na neme shi na san direban da zan aika.

Kwanakin farko har taƙama nake yi. Launuka sun ƙara kyau, na riƙa nuna wa masu kawo aiki cewa mu ma mun shiga sabon zamani. Kafin mako ya zagayo sai ta koma gidan jiya, har ta fi da. Sabuwar manhajar ta fi nauyi, ga tsohon kaya a ƙasa, ga cuta. Allon ya riƙa juyewa shuɗi da wasu rubuce-rubuce da ban gane ba. Na koyi adana aiki bayan kowane layi. Ban aika wa abokina ba, don kunya.

Ranar da abin ya ƙare min, mahaifiyata ce ta zo kamar yadda ta saba. Ta sauke kwando, ta ce in kunna mata akwatin. Na kashe na kunna. Muka jira, muka jira. Sai gyaran murya, sannan: "An kwa... kwa... kwa... kwa..." Ta sandare a nan, sautin yana ta maimaita kansa, ba gaba ba baya. Na danna wannan na danna wancan, ta ƙi ji.

Na waiga na ga mahaifiyata ta miƙe tsaye, ta dafa bango. Ta ce, "Kashe shi." Na ce Mama bari in gwada, yanzu zai wuce. Ta ce, "Auta, na ce kashe shi! Haka ya yi ta yi a asibiti. Yana so ya gaishe ni, bakin ya ƙi."

Na zare wayar daga bango gaba ɗaya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar babura a titi. A ranar ne na ga hawayenta karo na farko tun bayan jana'iza, kuma na ji kamar ni na sa ta sake shiga ɗakin asibitin nan.

Da ta natsu ta koma ta zauna, ta tambaye ni me ke damun akwatin. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na faɗa mata hanya biyun da abokina ya kawo, da wadda na zaɓa, da dalilina. Ta ce, "Ɗana ya ce a wanke, kai ka ce a'a?" Na ce saboda ke ne, Mama, kada muryar ta ɓace. Ta kalli kalandar bango, sannan ta kalli kujerar yayana da ke gefe da ƙura a kan matashin. Ta ce, "Ni na ce maka haka? Ni na haife shi, Auta. Murya na shi yana kunne na tun ran da ya fara kuka. Ina zuwa in ji ne don yana mini daɗi, ba don zan manta ba. Amma yaran shi ba za su ci murya ba. Kira ɗana ya zo ya wanke abin nan. Ni ma zan zo."

Asabar ta gaba suka zo kusan tare, ita daga Manchok da tuwon acca a kwano, shi daga Kachia da jakarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka, ta ce ya yi haƙuri da taurin kan ƙaninsa, alhali kuwa na girme shi. Bai ce min ai na faɗa maka ba, amma murmushin da ya yi ya fi faɗar zafi.

Muka kwashe ayyukan mutane a fulofi. Ya kwafi muryar a sababbin fulofi har biyu, sannan ya ce tunda ba ni da imani, in biyo shi. Muka tsallaka titi zuwa shagon abokin hamayyata, ya roƙi mai shagon ya ba shi aron kwamfuta, ya duba fulofin ko akwai cuta, sannan ya kunna. Sai ga yayana a shagon mutane, da ƙarfi, yana cewa a bar lalaci a kama aiki. Yarinyar da ke taifin a wurin ta zabura ta gyara zama. Duk muka fashe da dariya, har mai shagon, wanda ya ce ai Malam ya koyar da shi a aji uku, wannan muryar ko a mafarki ya ji ta sai ya miƙe.

Muka dawo. Abokina ya buga umarnin wankewa, kwamfutar ta yi gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai tafi, ta tambaya ko mun tabbata. Ya janye hannunsa ya ce ni zan danna. Na danna. Allon ya yi baƙi, wasu lambobi suna hawa a hankali, kuma na san hoton da tsarin fayilolin da wasan katin da duk abin da hannunsa ya taɓa suna tafiya ke nan. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Abokina ya fita sallar azahar, mahaifiyata ta buɗe kwano ta ce in ci, na ci ba tare da na ji ɗanɗano ba.

Da ya dawo ya sa faifan sabuwar manhajar. Ta yi ta zuba kayanta, muna hira sama-sama a kan farashin citta. Can sai ta tsaya, ta fito da wani ɗan fili fari, alamar rubutu tana ƙyaftawa a ciki. Abokina ya turo min kibod ya ce suna take tambaya, sunan mai ita. Ashe wannan tambayar ba ta zuwa in ɗori aka yi, don tsohon sunan take ɗauka ta ci gaba da shi. Sai in an wanke ne take tambaya daga farko.

Ban yi wani tunani ba, yatsuna suka tafi kan harafin farko na sunan yayana. Na buga shi, na buga na biyu. Mahaifiyata ba ta san kwamfuta ba, amma ta yi karatun yaƙi da jahilci a coci, ta san sunan ɗanta in ta gan shi. Ta taso ta tsaya a bayana, ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Goge." Na ce Mama, ai tasa ce. Ta ce, "Shi ya gama aikin shi, ya tafi ya huta wurin Ubangiji. Wa ke buɗe ƙofan nan kullum? Wa ke kai wa yaran abinci? Rubuta naka, Auta."

Na daɗe ina kallon haruffan nan biyu. Abokina ya juya yana gyara igiyar jakarsa da ba abin da ya same ta. A nan ne na gane amsar tambayar da ya yi min ranar farko. Mama ba ta taɓa jin tsoron a wanke ba, ni ne. Muddin sunansa yana kan allon, ni mai riƙon ƙwarya ne, mai shago ya ɗan fita zai dawo. Na goge, na rubuta sunana da yatsun nan nawa biyu.

Da komai ya kammala, abokina ya mayar da ayyukan mutane, ya mayar da muryar, ya kashe ya kunna. Kafin in gyara zama ta tashi, ko ƙosai ba za ka sayo ba. Gyaran murya, sannan gaisuwar ta fito sarai, ba sarƙewa ko ɗaya, har zuwa "Ubangiji ya taimaka." Mahaifiyata ta ce, "Lafiya lau, yaro na." Abokina ya ce amin. Ni kuma na tashi na karkaɗe matashin, na jawo kujerar yayana gaban tebur na zauna, don kujerar robar nan dama ta daɗe tana karya min baya.

Kwamfutar ta yi mana aiki har yaran suka yi wayo, kafin ta tsufa da gaske a sayar da ita. Muryar kuwa ta bi ni daga fulofi zuwa faifai, daga faifai zuwa wayar da nake rubuta wannan da ita. Abokina yana nan, ya yi furfura, kuma har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni lafiyar gara. Ban zama mai cewa kullum wankewa ta fi ɗori ba. In na'ura lafiyarta ƙalau, ɗorawa nake yi in wuce. Abin da na koya shi ne in tsaya in tambayi kaina ko abin da nake riƙewa yana da amfani ne, ko kuwa tsoron fili fari nake ji, ina laƙaba wa wani.

Mahaifiyata ma ta tafi ta huta, shekaru sun yi nisa. Ba mu taɓa ɗaukar muryarta a na'ura ba, kuma ta yi gaskiya, ban manta da ita ba. Duk lokacin da na sayi sabon abu, waya ko kwamfuta, ya fito da ɗan filin nan yana neman sunan mai shi, sai hannuna ya ɗan tsaya, in ji nauyin tafinta a kafaɗata, in ji ta tana cewa, "Rubuta naka, Auta."